Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Za Ka Tsare Takardunka Da Muryoyinka A Kwamfuta

 Kamar yadda muka saba, abin da kuka ji a rediyo shi ne muke bugawa a nan, domin wanda ya ji ya manta ya samu abin dubawa. A wannan mako wasiƙu huɗu ne suka zo mana daga ƙaramar hukumar Rimin Gado, can yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo, kuma dukkansu kuka ɗaya suke yi: an wahala an yi aiki a kwamfuta ko a waya, aikin ya lalace ko ya ɓace. To sai a gyara zama.

TAMBAYA TA FARKO

Wani malamin makaranta daga Butu-Butu ya ce yana da tsofaffin darussan Hausa da aka buga masa shekaru da dama da suka wuce. Da ya kai su a fitar masa a takarda, sai ya ga duk inda ya rubuta ƙasa ya koma qasa, ɗan ya koma xan, ɓera ya koma vera. Yana tambaya, shin ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma aikin zai gyaru ko sai an sake bugawa daga farko?

AMSA

To Malam, kwantar da hankalinka, babu wata cuta, kuma ba za ka sake bugawa ba. Ga asalin maganar.

Lokacin da kwamfuta ta fara shigowa ofisoshi da maɗaba'o'in ƙasar Hausa, ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, wato ɓ da ɗ da ƙ. Sai masana suka yi dabara, suka ƙera salon rubutu na musamman. Mafi shahara a wajenmu su ne Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙira a shekarun 1990, kuma sun yi wa rubutun Hausa aiki ba kaɗan ba. Dabarar irin waɗannan salo ita ce aro. A ɗauki gurbin harafin da Hausa ba ta amfani da shi, a zana masa kamannin namu. A wasu an ari q da x da v. A wasu kuma an ari alamomi, shi ya sa wani lokaci za ka ga }asa ko ]an a tsohon rubutu.

Wato ke nan a cikin fayil ɗinka q ɗin ce a zaune tun farko, riga kawai aka sa mata. Da ka je kwamfutar da ba ta da wancan salo, sai rigar ta faɗi, q ta fito a yadda take.

Maganin dindindin shi ne tsarin da ake kira Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991. Shi wannan tsari ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, har da namu, babu aro babu haya. Ga lambobin, sai ka yanke wannan shafi ka ajiye: ƙ 0199, Ƙ 0198, ɗ 0257, Ɗ 018A, ɓ 0253, Ɓ 0181. Ga 'yan'uwanmu na Nijar masu rubuta ƴ, lambarta 01B4, babbarta kuma 01B3. A cikin Word, ka rubuta lambar, sannan ka danne Alt ka taɓa X, nan take lambar za ta rikiɗe ta zama harafin. Abin lura ɗaya, idan a tsakiyar kalma ne, kamar baƙo, haruffan b da a na iya rikita lissafin, domin kwamfuta na ɗaukar su a matsayin lamba. Don haka ka bar fili kafin lambar, in harafin ya fito ka goge filin.

Yanzu ga gyaran tsohon aikinka. Da farko ka yi kwafin fayil ɗin, ka yi aiki a kan kwafin. Sai ka danne Ctrl ka taɓa H. Akwati zai fito mai gurbi biyu. A na sama ka sa q, a na ƙasa ka sa ƙ. Ka latsa inda aka rubuta "More", ka zaɓi "Match case", domin kada babban baƙi ya cakuɗe da ƙarami. Sai ka ce a musanya duka. Haka za ka yi wa Q da x da X da v da V, sau shida ke nan. In akwai kalmomin Turanci a cikin darasin, to ka bi su a hankali daga baya, domin su ma za a taɓa v da x ɗinsu. Aikin da ka ɗauka na wata guda ne, ba zai ci maka rabin sa'a ba.

Nan gaba kuwa, Windows na da allon rubutu na Hausa da za ka iya ƙarawa, haka ma Gboard a wayar Android. Da su za ka riƙa rubuta haruffan kai tsaye.

Sai kuma shawara ta ƙarshe, wadda ta shafi kowa. Duk takardar da ka gama, kuma za ka kai wani wuri a buga, to ka mayar da ita PDF tun a inda ka rubuta ta. Kamfanin Adobe na Amurka ne ya fitar da PDF a 1993, a 2008 kuma ya zama ma'auni na duniya da kowa ke iya amfani da shi. Amfaninsa shi ne yana tafiya da salon rubutunsa a cikinsa, kamar matafiyi da guzurinsa, shafi ba ya motsi. A Word na 2010 zuwa sama, ka je "Save As" ka zaɓi PDF, shi ke nan. Amma ka riƙe na Word ɗin ma, don shi ne mai sauƙin gyara. Ka kuma duba girman takarda kafin ka fara rubutu. Sau da yawa Word kan zo a kan ma'aunin Amurka mai suna Letter, alhali takardar da ake sayarwa a kasuwanninmu A4 ce, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297. Wannan ɗan bambanci shi ke sa sa hannun shugaban makaranta ya tsallaka shafi na biyu shi kaɗai.

TAMBAYA TA BIYU

Wata ɗaliba daga cikin garin Rimin Gado ta ce tana cike takardar neman tallafin karatu ta intanet, an ce hotonta kada ya wuce kilobayit 50, nata kuwa an ce ya yi nauyi. Ga ranar rufewa ta matso. Ta ce ita ba ta ma san mene ne nauyin hoto ba.

AMSA

To Malama, ki ɗauka awo ne irin na kasuwa. Mafi ƙanƙanta shi ne bayit, wanda ke ɗaukar harafi ɗaya na boko, harafi mai lanƙwasa kuwa biyu yake ci. Bayit dubu, a ƙiyasce, shi ne kilobayit ɗaya. Kilobayit dubu shi ne megabayit, megabayit dubu kuma gigabayit. Hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai megabayit 3 ko fiye, wato kilobayit 3,000. An ce ki kawo gwangwani, ke kuma kin kawo buhu.

A kwamfuta akwai wata 'yar manhaja mai suna Paint, wadda ke zuwa tare da Windows. Ki buɗe hoton da ita, ki yanke gefe-gefe ki bar kai da kafaɗa. Sai ki latsa "Resize", ki zaɓi "Pixels", ki sa 300 a gurbin faɗi, tsawon zai daidaita kansa. Ki ajiye shi da sabon suna a matsayin JPEG. Galibi zai sauko ƙasa da kilobayit 50 ɗin, in bai sauko ba ki ƙara ragewa kaɗan.

Me ya sa muka ce sabon suna? Shi JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da abin da ido ba ya saurin lura da shi. Abin da ya zubar kuwa ba ya dawowa. Duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa, sai ya ƙara zubarwa, har fuska ta dusashe. Saboda haka asalin hoton ki bar shi a gefe, kada ki taɓa.

In takardar shaida ce za ki tura, kada ki ɗauke ta a karkace a kan tabarma da inuwar hannunki a kai. Manhajar Google Drive ta waya na da wurin sikanin, tana miƙe takardar ta ba ki ita a PDF. In kuma a shagon kwamfuta ne, ki ce a yi sikanin a kan 150 ko 200, ya isa a karanta kuma ba zai yi nauyi ba.

Ga wani abu da ya fi hoton muhimmanci. Kafin ki bar shagon, ki tsaya a goge takardunki a gabanki, a kuma zubar da kwandon shara na kwamfutar. Ki fita daga akwatin imel ɗinki, kada ki rufe shafin kawai. Takardar haihuwa da lambar NIN da sakamakon jarrabawa ba abin bari ba ne a kwamfutar da mutum hamsin ke zama a kanta kullum.

TAMBAYA TA UKU

Sakataren wata ƙungiyar manoma daga Gulu ya ce sunayen membobinsu da lissafin kuɗin taki da kowa ya zuba duk suna cikin filash ɗaya. Ya kai shi an buga masa takarda, da ya dawo sai ya tarar jakunkunan sun ɓace, sai wasu alamomi masu 'yar kibiya. An ba shi shawara ya yi fomatin. Ya ce amanar mutane ce, barci ma ya gagare shi.

AMSA

Malam sakatare, abu na farko, kada ka yi fomatin. Wanda ya ba ka wannan shawara ya ce ka ƙone rumbu ne don ɓera ya shiga. Abu na biyu, kada ka latsa waɗannan alamomi masu kibiya, domin latsa su shi ke tayar da cutar ta kama kwamfutar da kake kai.

Wannan cuta sananniya ce a shagunan kwamfuta. Yawanci ba ta goge komai, ɓoyewa take yi, ta ajiye na bogi a gurbin na gaskiya. Ga yadda za ka tabbatar. Ka latsa filash ɗin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Properties". In ka ga har yanzu akwai wurin da aka cike, to kayanka na nan.

Ka nemi kwamfuta mai riga-kafi na kwanan nan, a fara bincike filash ɗin da shi a kashe cutar. Sannan ka duba harafin da kwamfuta ta ba filash ɗin, a ce E ne. A wurin nema na Windows ka rubuta cmd, baƙin allo zai fito. Sai ka rubuta wannan layi daidai yadda yake, har da filayen da ke tsakani:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

In naka F ne ko G, sai ka sa shi a gurbin E. Ka taɓa Enter ka ɗan jira. Ma'anar layin ita ce a cire wa duk abin da ke ciki mayafin ɓuya. In ka koma za ka ga jakunkunanka, wani lokaci a cikin wata jaka marar suna. Ka kwashe su zuwa wuri mai tsabta, ka buɗe ka tabbata lissafin na nan, sai a lokacin ne fomatin ya halatta.

In kuwa gogewa aka yi da gaske, ka sani abin da aka goge daga filash ba ya zuwa kwandon shara. Duk da haka ba a nan take yake mutuwa ba. Kwamfuta sunansa kawai take sharewa daga rajista, ta ce gurbin ya zama fili. Muddin ba a zuba sabon abu a kai ba, manhajoji irin su Recuva da PhotoRec na iya tono shi. Sharaɗin shi ne ka daina sa komai a filash ɗin daga wannan lokaci, kuma abin da aka tono a ajiye shi a wani wuri dabam.

Yanzu sai mu ɗan ja kunnenka, Malam. Manomi ba ya zuba irinsa duka a tukunya ɗaya. Lissafin jama'a ya kamata ya zauna a wuri uku: a kwamfuta, a filash ko memori, sannan a wani wuri da ba gidanka ba. Duk mai akwatin Gmail yana da gigabayit 15 kyauta a wurin Google, kuma lissafin ƙungiya ko na shekara ashirin ne ba zai cike ko kusurwarsa ba. Ko ka tura wa kanka ta imel ma ya wadatar. Ka kuma buga shi a takarda a ƙarshen kowace kaka, shugaba da ma'aji su sa hannu. Takarda ba ta san an ɗauke wuta ba.

Da muka ambaci wuta, ka saba wa yatsunka da Ctrl da S, duk bayan 'yan layuka. Word kan yi ajiyar gaggawa da kansa duk minti goma, kuma kana iya rage shi zuwa minti biyu a cikin "Options". Kada ka fizge filash yana cikin aiki, ka sallame shi ta "Eject" tukuna. Ka kuma raba shi da ƙurar hunturu da zafin aljihun gaban mota. A ƙarshe, ka lura da kwamfutar da kake soka shi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tsohuwar kwamfuta da ba a sabunta ta, ita ce matattarar irin wannan cuta. In aikin bugawa ne kawai, gara ka tura PDF ta waya, filash ɗinka ya kwana a gida.

TAMBAYA TA HUƊU

Wani dattijo, shi ma daga Rimin Gado, ya sa jikansa ya rubuto. Ya ce ana turo masa karatun tafsiri ta WhatsApp, an zuba masa a memori, amma rediyonsa mai cin memori ya ƙi karantawa. Sannan yana so ya san memori mai girman nawa zai ɗauke masa tafsirin azumi gaba ɗaya.

AMSA

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Rediyonka lafiyarsa ƙalau, yare ne ba ya ji. Muryar da aka naɗa a cikin WhatsApp tana zuwa ne a wani tsari mai suna Opus, su kuwa yawancin waɗannan ƙananan rediyoyi MP3 suka sani. Shi MP3 masana ne a cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen na ƙasar Jamus suka yi jagorancin ƙirƙiro shi, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, kuma a 1995 aka raɗa masa wannan suna. Da yake ya daɗe, kusan kowace na'ura ta san shi.

Ga jikan naka, sai ya saurara. Canza wa fayil suna, a goge opus a rubuta mp3, ba ya mayar da shi MP3, kamar yadda rubuta gero a buhun dawa ba ya canza abin da ke ciki. Juya shi ake yi. Akwai manhajar VLC, wadda ta samo asali daga aikin ɗalibai a wata makarantar injiniyoyi ta Faransa, kuma kyauta ce. A kwamfuta ka buɗe ta, ka je "Media", ka zaɓi "Convert", ka ɗauko muryar, ka zaɓi MP3, ka ba ta suna. Haka ma in karatun na bidiyo ne, ta wannan hanya za ka zare muryar ka bar hoton. Ka sa wa fayilolin lamba 01, 02, 03 har zuwa 30, da sifiri a gaba, kuma ka zuba su a memori ɗaya bayan ɗaya, domin wasu rediyoyin bin yadda aka zuba suke yi. In ba haka ba Baba zai ji karatun rana ta goma kafin na rana ta biyu.

Batun girma kuwa lissafi ne. MP3 da aka yi a kan 128 yana cin kusan megabayit ɗaya a minti, sa'a guda ke nan kusan megabayit 58. Amma muryar mutum ɗaya ba ta bukatar haka, 64 ya ishe ta, wato kusan megabayit 29 a sa'a. In malam na sa'a ɗaya kullum, kwana 30 zai tashi megabayit 870 ko ƙasa da haka kaɗan, bai kai gigabayit ɗaya ba. Ko sa'a bibbiyu yake yi, memori mai gigabayit 4 ya ɗauke shi har da saura. Kada ma a sayo wa Baba babba ƙwarai, domin da yawa daga cikin rediyoyin nan ba sa karanta wanda ya wuce gigabayit 32.

A yi hattara da memorin jabu. Akwai wanda aka rubuta masa 32 ko 64, alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai yi ta karɓa kamar gaske, sai an zo saurare a tarar da rabi ba ya buɗuwa. In araha ta yi yawa, a yi tunani. Mai kwamfuta na iya gwada shi da 'yar manhajar H2testw kafin a zuba komai, ko kuwa a cika shi a bi ana buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe tun ba a bar gaban mai shago ba. Kuma shi ma karatun a bar kwafinsa a waya ko kwamfutar jika, don memori ƙaramin abu ne, ko a aljihu yana ɓata.

To jama'a, a nan za mu dasa aya a wannan mako. Muna fatan Malam zai samu darussansa, ɗalibarmu ta cike takardarta kafin a rufe, sakatare ya samu barci, Baba kuma ya sa mu a addu'a. Wanda ya gwada bai dace ba, ya sake rubuto mana, ya faɗi irin kwamfutarsa da abin da ta rubuta masa a allo daidai yadda yake, domin da haka ne amsa ke yin sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.